Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasi Kan Tafiyar Amarci Ga Masu Neman Takardar Zama Ɗan Ƙasa

  

'Yar uwa mai karatu, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani al'amari ne da iyayenmu ba su san shi ba a zamanin aurensu, amma yau ga shi ya shigo gidajenmu. A da, in an kai amarya, an yi buɗar kai, an yi kwana bakwai, iyaye sun kawo gara, to biki ya tashi, kowa ya kama gabansa. Yanzu kuwa an samu ƙari, wato tafiyar amarci, wadda 'yan boko ke kira hanimun. Ango zai ɗauki amaryarsa su tafi Umra, ko Dubai, ko Masar, su yi mako ɗaya ko biyu su dawo. Idan da hali, kuma an kiyaye dokokin Allah, babu laifi a cikin wannan.

Inda matsalar take shi ne, da yawa daga cikin masu irin wannan aure akwai wata takarda da suke jira. A nan ƙasar Tambuwal da Kebbe, daga Dogon Daji zuwa Jabo da Sanyinna da Kuchi, muna da 'ya'ya da ƙanne da suka tafi karatu ko aikin asibiti a Ingila da Amurka, suna neman zama 'yan ƙasa a can, kuma sukan dawo gida su yi aure. Haka nan muna da 'yan kasuwa da ke auro mata daga Jamhuriyar Nijar, matan kuma suna son zama 'yan Najeriya a hukumance. Ga waɗannan mutane, tafiyar kwana goma da aka yi ba tare da lissafi ba tana iya rusa haƙurin shekara biyar. Saboda haka abin da darasin nan yake son ki riƙe guda ɗaya ne: takarda ita ke yanke ranar tafiya. A fara duba ta, sannan a sayi tikiti.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Sau da yawa za ki ji an ce, "Ai yaron yana da takardu." Wace takarda? Domin kuwa takardun hawa uku ne, kuma kowane hawa da hukuncinsa.

Na farko biza. Ita kamar sallama ce da aka amsa wa baƙo aka ce ya shigo zaure, ya yi abin da ya kawo shi, lokaci ya cika ya tafi. Na biyu izinin zama. Wannan kamar an ba mutum ɗaki ne a cikin gida. Wani na ɗan lokaci ne da ake sabuntawa, wani kuma na dindindin, irin katin da Amurkawa ke kira girin kad. Na uku shi ne zama ɗan ƙasa, wato mutum ya zama ɗan gida, ya karɓi fasfo, ya jefa ƙuri'a.

Wuri mafi hatsari shi ne tsakanin hawa da hawa, lokacin da mutum ya miƙa takardar nema yana jiran amsa, ko kuma yana dab da miƙawa. To sai ki ga a daidai wannan lokaci ne ake sa ranar biki. Don haka waliyyi ko uwa da ta tambayi mai neman ɗiyarta, "Kai a wane hawa kake, kuma me kake jira?" ba ta yi rashin kunya ba. Matambayi ba ya ɓata.

Amaryar da aka auro daga Nijar

Bari mu fara da na kusa. Auratayya tsakaninmu da mutanen Birnin Konni, Tawa, Dogon Dutsi, Dosso da Gaya ta girmi iyakar da Turawa suka shata. Harshe ɗaya, addini ɗaya, wani lokacin ma kaka ɗaya. Amma a filin jirgi ba a tambayar dangantaka, fasfo ake tambaya.

Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya kawo hanyoyi uku na zama ɗan ƙasa. Sashe na 25 ya yi magana kan haihuwa, sashe na 26 kan rajista, sashe na 27 kuma kan wanda ya daɗe a ƙasa, inda ake neman zaman shekara 15. Kafin amarya ta shiga wahalar nema, ta fara duba sashe na 25. Duk wanda aka haifa a wajen Najeriya alhali mahaifinsa ko mahaifiyarsa ɗan Najeriya ne, to shi ɗan ƙasa ne tun daga haihuwa. Ke nan yarinyar da aka haifa a Konni amma mahaifiyarta 'yar Illela ce, abin da take buƙata shi ne hujjar da za ta tabbatar da hakan.

Wadda kuwa iyayenta duka 'yan Nijar ne, sashe na 26 ya buɗe mata ƙofa. Macen da ta auri ɗan Najeriya tana iya neman a yi mata rajista, bisa sharuɗɗa uku: ta kasance mai halin kirki, ta nuna niyya bayyananna ta zama a Najeriya, sannan ta yi rantsuwar biyayya ga ƙasa. Ana nema ne ta hannun Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da ke Abuja, kuma amincewar ta Shugaban Ƙasa ce. Ki lura da kyau, ɗaurin aure shi kaɗai ba ya mayar da ita 'yar Najeriya. Har ranar da takardar za ta fito, ita 'yar Nijar ce, da fasfon Nijar za ta yi tafiya, kuma da shi za a nema mata biza, ko da mijin ya riga ya samu tasa. Ba ta kuma rasa ƙasarta ta haihuwa ba don ta zama 'yar Najeriya: sashe na 28 bai tilasta wa mutum barin ƙasar da ya samu ta hanyar haihuwa ba, ita ma Nijar ta gyara dokarta a 2014 ta amince da riƙe ƙasa biyu.

Sashen nan na 26 mace ya ambata. Bai ambaci namiji baƙo da ya auri 'yar Najeriya ba, kuma a watan Maris na 2022 Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta ƙi amincewa da ƙudurin da ya nemi gyara hakan. Duk uwar da za ta aurar da ɗiyarta ga ɗan wata ƙasa ta san da wannan.

Sai kuma a tuna cewa hanya ba kullum take buɗe ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar Najeriya da Nijar, ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024. A ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso, duk da cewa ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da karɓar fasfonsu da barin su shiga ba biza har sai an sake sanarwa. Saboda haka amaryar da za ta koma gida yin fasfo, ko ta Illela ko ta Kamba, ta yi shi da wuri, kuma mijin ya je ofishin Hukumar Shige da Fice a Sakkwato ya gyara mata takardar zama.

A nan ne Shaiɗan ke shigowa. Wani zai ce, "Mi za a yi da wagga wahala? A samo mata takardar 'yar asalin ƙaramar hukuma, a yi mata fasfon Najeriya kawai." 'Yar uwa, kada ki yarda. Wannan shaidar zur ce, laifi ne kuma a Dokar Shige da Fice ta 2015. Ita ma lambar NIN ba ta mayar da mutum ɗan ƙasa, domin ana ba baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida. Macen da doka ta riga ta buɗe wa ƙofa, me zai kai ta haura katanga?

Angon da ke zaune a Ingila

A Birtaniya kwanaki ake ƙirgawa, ɗaya bayan ɗaya. Mai neman zama ɗan ƙasa ta hanyar zaman shekara biyar, ƙa'ida ita ce kada kwanakin da ya yi a waje su wuce 450 a cikin shekarun biyar, kuma kada su wuce 90 a cikin watanni 12 na ƙarshe kafin ya miƙa takarda. Wanda ke auren ɗan ƙasar kuwa shekara uku ake duba masa, kwana 270, amma ƙa'idar kwana 90 tana nan daram. Akwai kuma wani sharaɗi da mutane ke mantawa: dole ya kasance yana cikin ƙasar a daidai ranar da ta cika shekara biyar baya, ko uku ga mai aure, daga ranar da takardarsa ta isa hannun hukuma.

Mu buga misali. A ce wani ɗanmu ma'aikacin asibiti ya zo gida neman aure ya yi kwana 21. Bayan wata uku aka yi masa rasuwa, ya zo ya yi kwana 30. Sannan ya zo biki ya yi kwana 28. In kin haɗa, kwana 79 ke nan. Yanzu ga shi ana shirin Umra ta mako biyu da amarya. Ƙara 14 a kan 79, ya zama 93. Kwana uku kacal suka haura, amma sun fitar da shi daga ƙa'ida, sai abin da jami'i ya ga dama. Kuɗin nema kuwa a 2025 ya haura fam 1,500, kuma in an ƙi ba a mayar da shi. Da an zauna da takarda da biro tun farko, da an rage kwanakin biki, ko an taƙaita Umrar zuwa kwana goma, ko an ɗage ta sai bayan ya miƙa takarda.

Domin kuwa mai neman zama ɗan ƙasa, bayan ya miƙa takarda an ɗauki hoton yatsunsa, yana iya tafiya da fasfonsa na Najeriya. Sai dai ya riƙa duba saƙonninsa, saboda in an amince za a gayyace shi taron rantsuwa, kuma wata uku ake ba shi ya halarta. Bayan rantsuwa tsohon izinin zamansa ya gama aiki, sai ya jira fasfon Birtaniya, ko takardar da ke tabbatar da 'yancinsa na shiga, kafin ya fita. Kada a sa ranar tafiya a cikin wannan tsakanin.

Amma fa a bambance. Wanda yake jiran sabunta biza ko izinin zama na dindindin, hukuncinsa daban ne, ya fi tsanani. In ya fita zuwa Najeriya ko Saudiyya kafin a ba shi amsa, ana ɗauka ya janye takardarsa. Irin wannan ango ko biki bai kamata a matsa masa ya zo ba sai amsa ta fito. Addininmu ya sauƙaƙa, ana ɗaura aure da wakili.

Ita kuma amarya ta san cewa bin miji ba ya samuwa rana ɗaya. Tun watan Afrilu na 2024, ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin da zai kawo matarsa sai ya nuna yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara. A watan Mayun 2025 kuma gwamnatin ƙasar ta bayyana shirin tsawaita shekarun da baƙi da yawa za su yi kafin samun zaman dindindin. Dokokin nan suna sauyawa, don haka a karanta su sabo a shafin gwamnati na intanet a duk lokacin da za a yanke shawara.

Angon da ke zaune a Amurka

A Amurka mai girin kad yakan nemi zama ɗan ƙasa bayan shekara biyar, ko uku in yana auren Ba'amurke, ta hanyar cika fom ɗin N-400 ga hukumar USCIS. Ana son ya kasance ya yi aƙalla wata 30 a cikin ƙasar daga cikin shekarun biyar, ko wata 18 daga cikin ukun. Tafiya ɗaya da ta wuce wata shida tana jawo zargin cewa ya katse zamansa, sai ya kawo hujja. Wadda ta kai shekara kuwa ta katse shi. Ke nan tafiyar mako biyu ba ta da illa a karan kanta. Illar tana ga ranaku uku: ranar ɗaukar hoton yatsu, ranar ganawa da jami'i, da ranar rantsuwa. Hukuma ce ke sa su, ba ta shawara da kowa, kuma wanda ya ƙi zuwa ba tare da ya nemi a ɗage masa ba ana iya rufe takardarsa. Don haka a sayi tikitin da ake iya canja masa rana, ko da ya ɗan fi tsada.

Idan ya yi aure bayan ya miƙa fom, wajibi ne ya faɗa a ranar ganawa, tare da duk tafiyar da ya yi. Ranar rantsuwa kuma za a karɓe girin kad ɗin, ba zai sake fita ba sai da fasfon Amurka. Shi kuwa wanda ke cikin ƙasar yana jiran girin kad ɗin kansa, in ya fita ba tare da izini na musamman ba, a mafi yawan lokuta ana ɗauka ya yi watsi da nemansa.

Sannan a watan Yulin 2025 Amurka ta rage yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya zuwa ta wata uku, shiga ɗaya, a watan Disamba na shekarar kuma ta sanya Najeriya da Nijar cikin ƙasashen da ta taƙaita wa 'yan ƙasarsu shiga. Irin wannan mataki yana nufin amarya na iya daɗewa a gida kafin ta tare. Tunda tana gida, ango zai riƙa zirga-zirga, kowace zuwa kuma tana cin kwanakinsa. Iyaye su zauna su yi maganar inda za ta zauna da yadda za a riƙa ciyar da ita tun kafin a shafa fatiha.

Shi ɗan Najeriya na haihuwa ba ya rasa Najeriya don ya karɓi wata ƙasa. Sashe na 28 ya kare shi. Game da hukuncin karɓar ƙasar da ba ta Musulmi ba kuwa, malamai sun yi bayani gwargwadon halin mutum da ikonsa na bayyana addininsa, sai ya tuntuɓi malamin da ya san halin da yake ciki.

Maganar da ake jin nauyi

Shari'a ta halatta wa namiji mata har huɗu in zai yi adalci, wannan babu ja. Amma dokokin waɗancan ƙasashe ba su tafi a haka ba. Birtaniya ba ta ba mata ta biyu bizar aure matuƙar uwargida tana can a matsayin matarsa. A Amurka kuwa fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana tambayar wannan kai tsaye, kuma zama da mace fiye da ɗaya yana hana a ba mutum. To in mai neman ɗiyarki yana da iyali a can, ki sani cewa mai yiwuwa ne iyakar rabonta da ƙasar waje ita ce wannan tafiyar amarcin. In ta ji ta gani ta yarda za ta zauna a gida, Allah Ya sanya albarka. Abin da ba ya halatta shi ne a ɓoye mata, ko a ce za a shigar da ita a matsayin ƙanwa ko 'yar aiki. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Takardun amarya ita kanta

Yanzu gare ki, ke amarya. Ga abubuwan da ya kamata ki gama da su tun ana maganar lefe:

1. Fasfo. Ba a yin sa sai da lambar NIN, kuma dole suna da ranar haihuwa su zo daidai a duka biyun. In a wata takarda A'ishatu aka rubuta, a wata kuma Aisha, to a gyara tun yanzu. Daga 1 ga Satumba 2025 kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira 200,000. Ƙasashe da yawa, har da Saudiyya, suna son ya rage aƙalla wata shida kafin fasfo ya ƙare.

2. Suna. Kada ki yi gaggawar sauya sunan mahaifinki da na miji. Alƙur'ani a Suratul Ahzab aya ta 5 ya yi umarni da a danganta mutane ga iyayensu maza. Ta fuskar tafiya ma haka ya fi, domin sunan da ke kan tikiti da biza dole ya zama shi ne a fasfo harafi da harafi.

3. Takardar aure. Aurenmu ya tabbata da waliyyi da sadaki da shaidu, amma ofishin jakadanci rubutu yake karantawa. A karɓi takardar shaida daga kotun shari'a ko hukumar da ke bayarwa a yankinku, da ranar ɗaurin aure ta gaskiya. In aka ce ku je ku yi auren rajista a ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya, ku fara tambayar malami da lauya, domin shi aure ne na mace ɗaya kuma yana iya taɓa maganar gado.

4. Allura. Ana neman katin rigakafin shawara daga matafiyan Najeriya da Nijar, mai zuwa Umra kuma har da na sanƙarau. Katin shawara yana fara aiki ne bayan kwana goma da yin allurar, kuma tun 2016 sau ɗaya ya wadatar har ƙarshen rayuwa. Ki yi ta kafin aure, saboda likitoci ba su cika son yi wa mai juna biyu ita ba.

5. Ajiya. Ki san inda fasfonki yake, ki ɗauki hotonsa a waya, ki bar kwafi a hannun mahaifinki ko yayanki. Wannan ba rashin yarda da miji ba ne, jaka na iya ɓata.

Idan Umra aka zaɓa

Babu shakka fara zaman aure da ziyarar Ɗakin Allah abu ne mai kyau, ga shi mijinki shi ne muharraminki. Amma Umra ibada ce, tana da hukunce-hukuncenta. Mai harami ba ya kusantar iyali har sai ya gama ɗawafi da sa'ayi ya yi aski ko saisaye, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a ɗaura aure cikin harami. Mai haila ba ta ɗawafi sai ta yi tsarki, don haka ki lissafa kwanakinki kafin a yanke rana, kada tafiyar kwana bakwai ta ƙare ba ki yi abin da ya kai ki ba. Game da ƙasaru, matafiyi yana rage salla mai raka'a huɗu zuwa biyu, amma in ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari sai ya cika, haka kuma in ya bi limami mazauni.

Bizar Umra tana da wa'adi, kuma Saudiyya takan sa ranar da duk mai Umra zai fice kafin aikin Hajji. A 2025 ranar ita ce 29 ga Afrilu, wato 1 ga Zulƙida. Wanda ya maƙale yana fuskantar tara da kora da hana shi dawowa, kuma tarihin kora daga wata ƙasa tambaya ce da fom ɗin biza na wasu ƙasashe ke yi. Masu son Dubai kuma su tuna cewa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza a 2022, ba ta dawo da ita ba sai watan Yulin 2024. Kada a biya otal da tikitin da ba a mayar da kuɗinsu sai biza ta fito.

Sannan a duba aljihu. Tafiyar amarci ba farilla ba ce, ba kuma sharaɗin aure ba ce. Wanda zai ci bashi mai ruwa don a ga hotonsu a Facebook, ya fara zaman aure da abin da Allah Ya haramta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Gaskiya da cika alkawari

'Yar uwa, duk fom ɗin da mutum ya sa wa hannu alkawari ne, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce ga muminai da su cika alkawura. Biza amana ce da aka ba ki bisa sharaɗi. Rage kwanakin tafiya a fom, ɓoye aure, sauya shekarun haihuwa, duk ƙarya ce, ko ga Musulmi aka yi ta ko ga wanda ba Musulmi ba. Ta fuskar duniya ma ba riba, domin kowace fita da shiga tana cikin kwamfuta, kuma a Ingila da Amurka ana iya ƙwace takardar zama ɗan ƙasa ko bayan shekaru in aka gano da yaudara aka same ta.

Ku kuma iyayenmu mata, don Allah a sassauta. In ango ya ce ba zai iya wuce mako biyu a gida ba, ko ya ce tafiyar sai baɗi, kada a ce ya raina ɗiyarku. Ke ma amarya, kada surutun ƙawaye ya sa ki tayar wa mijinki hankali. Makka tana nan, Madina tana nan. Wanda ya jira wata shida ya tafi da kwanciyar hankali ya fi wanda ya yi sauri ya dawo yana cizon yatsa.

Tambayoyin bita

Ga masu karanta wannan darasi a aji ko a zaman ta'alim, sai a tattauna waɗannan:

1. Mene ne bambancin biza, izinin zama, da zama ɗan ƙasa?

2. Yarinyar da aka haifa a Dosso, mahaifinta ɗan Kebbe ne, shin tana buƙatar rajista? Wane sashe ne hujjarki?

3. Ango mazaunin Ingila ya yi kwana 70 a waje cikin watanni 12 na ƙarshe. Kwana nawa suka rage masa kafin ya kai iyaka?

4. Kawo dalilai biyu, ɗaya na addini ɗaya na tafiya, da suka sa bai kamata amarya ta sauya sunan mahaifinta ba.

5. Waɗanne tambayoyi ya kamata waliyyi ya yi wa mai neman aure da ke zaune a ƙasar waje?

A nan za mu dakata. Abin da muka faɗa daidai Allah Ya ba mu ladarsa baki ɗaya. Allah Ya ba 'ya'yanmu mazaje nagari, Ya sanya albarka a aurarrakinmu, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.